Na-Waje da Kiran da Ya Katse

Na-Waje ake ce masa, amma ko bakin iyaka bai taɓa zuwa ba. Fasfo ma sai dai ya gani a hannun mutane. A wurin aiki ya samo sunan, domin a babban ofishin kamfanin waya shi ne mai teburin ƙasashen waje, kuma a wancan zamani duk wanda zai yi magana da ɗan'uwansa a ƙetare sai ya bi ta hannunsa. Sunan ya bi shi har gida. Matarsa ma in ranta ya ɓaci da shi take kiransa.

Abin da ya sa ake ba da labarinsa kuwa shi ne, mutumin nan da ya haɗa dubban mutane da nasu, ya yi shekara da shekaru bai ji muryar ƙanensa ba, uwa ɗaya uba ɗaya. In ka tambaye shi ko faɗa suka yi, sai ya sosa ƙeya ya ce wallahi shi ma bai sani ba. Kuma ba ƙarya yake yi ba.

Ofishin bene ne. A ƙasa akwai dogon zaure mai bencuna da akurkin katako masu waya a ciki a jikin bango. Mutum ya zo ya ba da lamba a kanta, ya zauna ya yi ta jira, wani har gyangyaɗi ya kwashe shi, sai ya ji an kira sunansa a lasifika, ya zabura ya faɗa akurki yana ihun "Halo! Halo!" kamar da ƙarfin muryarsa zai tsallake teku. A sama kuma ɗakin allo ne: allo mai ramuka kamar saƙar zuma, da ƙananan fitilu, da igiyoyi masu kan ƙarfe, da wata fanka mai kuka wadda ba ta korar zafi sai dai ta juya shi. Kujerar Na-Waje ce ta ƙarshe, kusa da taga. Abin ji da yake maƙalawa a kunne ya danne masa gashi har ya yi masa hanya a tsakar kai, hanyar da ba ta sake rufewa ba.

A can ɗaya gefen tekun, a kamfanin da nasu ya ƙulla yarjejeniya da shi, akwai wani mutum zaune gaban irin wannan allo. Na-Waje bai taɓa sa shi a ido ba, Takwara kawai yake ce masa, tunda aikinsu ɗaya. Amma ya san tarinsa, ya san ƙarar da yake yi in yana kurɓar shayi, ya san yana fama da ciwon baya da kuma 'ya'ya mata masu son kwalliya. Suna magana da wani guntun harshen aiki wanda babu wanda ya tsotse shi a nono a cikinsu. Layukan da ke tsakanin ƙasashen biyu 'yan kaɗan ne, masu kira kuwa ba iyaka, don haka tun suna samari suka yi wa kansu tsari: ɗaya naka, ɗaya nawa. Na-Waje ya tura kiran mutuminsa, Takwara ya turo nasa, ba ni gishiri in ba ka manda. Ba a taɓa jin kansu ba.

Akwai kuma wata doka da ke bin jinin duk mai aikin allo. In ana cikin magana layi ya katse, wanda ya kira shi ne zai sake kira. Wanda aka kira ya ajiye kan waya ya zauna, kada ya taɓa. Domin in duk su biyun suka ɗaga suna neman juna, sai su yi karo a hanya, kowa ya ji layin ɗan'uwansa a cike, a yini ana haka. Na-Waje ya ga mutane sun yi wannan wautar har ya gaji da gani.

Shi dai a iya saninsa aikin ke nan: ka haɗa, ka tabbata sun ji juna, ka janye kunnenka. Sai aka kawo musu wani manaja mai sanƙo. Ya tara su a ɗakin shan shayi, ya ɗaga tafukan hannunsa biyu sama.

"Wannan mu ne, wannan su ne," in ji shi. "Duk mintin da ya fita daga nan, su ne ke ɗaukarsa su kai ƙofar gidan wanda aka kira, saboda haka mu ke biyansu ladan kaiwa. Duk mintin da ya shigo, su ke biyanmu. Ƙarshen shekara a ɗora a sikeli. To mutanenmu sun cika surutu, sikeli ya karkace." Ya sauke hannun dama har gwiwa. "Kira mai fita asara ne. Kira mai shigowa shi ne riba. Kun gane?"

Kowa ya ce ya gane. Na-Waje ma ya gyaɗa kai don kada a ce shi kaɗai ne daƙiƙi, amma a ransa cewa yake, mai kiran nan ai ya biya a kanta, ta wace ƙofa asarar ta shigo? Umarni dai umarni ne. Daga ranar, kafin ya haɗa mutum sai ya ce masa, "Ku gaisa a taƙaice, ka ce masa ya kira ka." Wata tsohuwa da ta sha tafiya kafin ta iso ofishin ta ce masa ta cikin akurki, "Ɗan nan, ni ce na yi kewarsa, kuma shi za a ce ya kira?" Ya haɗa su, ya bar su suka yi hirarsu har ta gaji don kanta.

Da ya samu sarari ya ba Takwara labarin hannaye biyu. Takwara ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Jiya namu manajan ya tara mu," in ji shi. "Shi ma hannu biyu ya ɗaga."

"To in kowa so yake a kira shi, wa zai yi kiran?"

"Oho. Turo naka, nawa na jira."

Ba a jima sosai ba aka ɗauke mai sanƙo, aka kawo wani ɗan kwalisa mai ƙamshin turare. Shi ma ya tara su. Ya ce dabarar "ka ce ya kira ka" ta yi aiki har ta wuce gona da iri, yanzu sikeli ya karkace ta ɗaya ɓangaren, kuma mutanen can sun aiko cewa abota ba ta tafiya da ƙafa ɗaya, in ba za a riƙa tura musu kira daidai da yadda suke turowa ba, za su kwashe layukansu su kai wa wani kamfani. Saboda haka a saki mutane su yi hira son ransu.

Na-Waje ya ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, ba an ce kira mai fita asara ba ne?"

"Asara ce mana. Amma asara ce mai riƙe da riba."

Ya koma kujerarsa kansa ya fi da ɗaurewa. Tun daga ranar bai ƙara tabbatar wa kansa ba, in ka kira mutum, ba shi ka yi ko karɓa ka yi daga hannunsa.

Yanzu bari a zo kan ƙanen. Auta ake ce masa, shi ne na ƙarshe a ɗakinsu, kuma a hannun Na-Waje ya tashi bayan rasuwar mahaifinsu. Shi ya sa shi makaranta, shi ya saya masa takalmin farko mai igiya, shi ya raka shi filin jirgi ranar da ya samu gurbin koyon gyaran injinan asibiti, a ƙasar Takwara kuwa, a garinsu ma. Da za su rabu, Na-Waje ya kafa masa tsarin da ya sani. "Wata ɗaya kai za ka kira, wata ɗaya ni. Kada a zalunci kowa." Kuma haka aka yi. In watansa ne, sai ya sauko daga bene lokacin hutun rana, ya bi layi a kanta kamar kowa, ya shiga akurki. Abokan aikinsa suna yi masa dariya, mai allo a gabansa yana bin layi, amma shi bai taɓa satar minti ba. In watan Auta ne kuma, sai kiran ya zo gida, a baƙar wayar da kamfani ya ja wa tsofaffin ma'aikata, wadda ke kan ɗan tebur a falo, kusa da keken ɗinkin matarsa.

Matar tela ce, Mai Keke ake ce mata a unguwa, mace mai yawan aiki da ƙarancin haƙuri da dogon bayani. Tare suka gina wa Auta ɗaki a bayan gida, aka yi masa fenti, aka sa gado da katifa ko ledarta ba a cire ba.

Wata ranar hutu da hantsi waya ta yi ƙara. Watan Auta ne. Suka gaisa, aka tambayi yara, aka tambayi sanyi. Sai Auta ya yi gyaran murya.

"Yaya, akwai maganar da nake so in faɗa maka, ka yi haƙuri da ni."

"Ina jin ka."

"Ɗakin nan da ka gina mini, ka sa wani a ciki. Na samu aiki na dindindin, kuma akwai wadda nake nema a nan. Ba na jin zan dawo da zama."

Na-Waje ya buɗe baki. Ko faɗa ne zai fito, ko addu'a, ko kuka, Allah kaɗai ya sani, don shi kansa bai sani ba. Kafin ya ce uffan sai ya ji ƙit, sannan wani shuuu ya cika masa kunne.

Ya san wannan ƙarar kamar yadda ya san muryar matarsa. In mutum ya kife waya, ƙara ɗaya ce busasshiya, sai shiru tsit. Wannan kuwa mai iska ce, irin ta layin da ya samu matsala a tsakiyar teku. Ya ajiye kan waya a hankali, ya jawo kujera, ya zauna.

"Lafiya, Malam?" in ji Mai Keke.

"Layi ne ya katse. Kada kowa ya taɓa wayar nan."

Aka kawo abincin rana ya huce a gabansa. Rana ta yi sanyi, bai motsa ba sai don salla, ita ma a falon ya yi ta. Washegari ya tafi aiki da sauri, don duk kiran da zai shigo daga can sai ya bi ta allonsa. Fitila na kamawa ya cafki igiya, sai ya ji Takwara na neman wani ɗan kasuwa ko wani ofishi. Haka mako ya wuce.

Da sabon wata ya kama, sai lissafi ya rikice masa gaba ɗaya. In an bi wata, to watansa ne. Amma kiran Auta ai bai ƙare ba, kiran da bai ƙare ba kuwa yana nan a wuyan mai shi. Sai dai kuma sun gaisa, har an faɗi magana mai nauyi, ta yaya za a ce wannan ba kira ba ne? In kira ne, to shi ake jira. In ba kira ba ne, Auta ake jira. In kuma ya ɗaga waya daidai lokacin da yaron ya ɗaga, su yi karo, yaro ya ji layi a cike ya ɗauka gudunsa ake yi fa? Ya yi ta juya maganar a hanyar zuwa aiki, ya juya ta a hanyar dawowa, har wata rana ya wuce ƙofar gidansa bai sani ba, sai da mai kanti ya ƙwala masa kira.

"Ka kira yaron nan mana," in ji Mai Keke, tana cizon zare.

"Ba nawa ba ne."

"Ba naka ba ne me?"

"Kiran. Ba nawa ba ne."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Girman kai rawanin tsiya, Na-Waje."

Ya so ya yi mata bayani, sai ya ga ai abu ne a fili, ko ƙaramin yaro ya sani, ya fasa. Maganarta kuwa ta zauna masa. Ko dai girman kan ne? Ba shakka akwai wani wuri a ransa da ke cewa shi ne babba, shi ya rene shi, ƙarami ke neman babba. Akwai kuma wani wurin, can ƙasa, da ke jin daɗin jiran, domin muddin bai ɗaga waya ba, ba sai ya ba da amsar maganar ɗaki ba, amsar da ba shi da ita. Sai ya rasa a cikin ukun nan wanne ne ya ɗaure masa hannu, dokar allo, ko girma, ko tsoro. Yau ya kwana da tabbacin doka ce, gobe ya tashi yana zargin kansa.

Za ka ce me ya hana ita Mai Keke ta kira? Ta ina? Duk kiran waje sai ya hau bene ya bi ta allon mijinta ko na abokan aikinsa, ita kuwa ba za ta kai sirrin gidanta kanta ta miƙa wa 'yan ofis ba. Ban da haka ita ma haushin Auta take ji. Yaron da ta wanke wa kaya tun yana ɗan makaranta, ya kasa sake gwadawa ko sau ɗaya? Wasiƙa kuma, Na-Waje ya yi tunaninta ya watsar. Mai teburin waje guda ya liƙa kan sarki don ya yi magana da ƙanensa, ai abin dariya ne.

Wayar falo ta zama wani abu a gidan. In ta yi ƙara, ko yana banɗaki sai ya fito da gudu da ruwa a jiki, ya tarar mai ɗinki ce ke tambaya ko an gama mata riga. Ya kafa dokar kada kowa ya daɗe a kanta. In Mai Keke ta wuce gaisuwa da wata, sai ya fara kai da kawowa yana tari.

"Wai waya ce ko mai jego?" ta ce masa wata rana. "Kullum a bar ta ta huta."

Ɗakin baya ma bai tsira ba. Ta nemi ta zuba yadudduka a ciki, ya ce a'a. Da yamma ya ce to. Da safe ya sake cewa a'a. Auta ne ya ce a sa wani a ciki, in ya sa, ya amsa ke nan cewa ya yarda. In ya bar shi a kulle, nan ma ya amsa cewa bai yarda ba. Ƙarshe aka zuba yadudduka a ƙasa aka bar gadon, wai don kada a ce an yi ko ba a yi ba.

Ana haka shekaru suka yi ta wucewa. Aka aurar da babbar 'yarsa, 'yan'uwa suna ta tambayar ina Auta, yana cewa yana nan lafiya, alhali bai sani ba ko yana raye. Ya yi kewar yaron, kewa mai ciwo wadda ke hana mutum jin ɗanɗanon abinci. Wani lokaci yana haɗa wa wani kira, ya ji an ce "Yaya!" daga can, sai ya janye kunnensa da sauri ya juya wajen taga. Bai taɓa gaya wa kowa ba a ofis. Ko Takwara, da suke yini tare a layi, bai san yana da ƙane a garinsu ba.

Sai zamani ya zo da nasa. Aka kawo na'ura aka kafa a wani ɗaki mai sanyi, wadda ke haɗa kira ita kaɗai, kowa ya buga daga gidansa har ƙetare ba tare da ya roƙi wani ba. Aka ce za a kwance allo, tsofaffin ma'aikata su yi ritaya. A can ma haka. Ranar aikinsu ta ƙarshe fitilu ba su kama ba sai jefi-jefi, injiniyoyi suna tsaye a baya da kayan aikinsu suna jiran a tashi. Na-Waje da Takwara suka zauna a layi babu abin haɗawa, suna hirar ciwon baya da jikoki.

Can sai Na-Waje ya ce, "Bari in tambaye ka wata magana ta aiki. In kira ya katse, wa ke sake kira?"

"Yau kuma? Wanda ya kira mana."

"Madalla! Haka na ce!" Ya ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa, irin wanda rabonsa da shi an daɗe. Daɗin ne ya kwance masa baki, ya ba shi labarin duka, tun daga filin jirgi har zuwa ƙit da shuuu, har ya faɗa masa yawan shekarun.

 Daga wajen Takwara babu tari, babu kurɓar shayi.

"Shi ƙanen naka," ya ce a hankali, "a wane allo yake aiki?"

"Wane irin allo? Injinan asibiti yake gyarawa."

"To wa ya gaya masa dokar?"

"Ai kowa ya san..."  In kowa ya sani, me ya sa ya ƙare ƙuruciyarsa yana ce wa mutane su ajiye su zauna, za a sake kiransu? Kullum sai ya faɗa, kullum sai an samu wanda bai sani ba. Ya gaya wa 'yan kasuwa, ya gaya wa tsofaffi, ya gaya wa manyan ma'aikata. Ya binciki kansa kaf bai tuna ranar da ya gaya wa Auta ba.

"Kuma wannan ƙarar da ka ce ta teku ce," in ji Takwara, "ni da kai muka san ta. Shi abin da ya sani, ya gaya wa yayansa ba zai dawo ba, waya ta mutu a kunnensa."

Gumi ya karyo wa Na-Waje a ƙarƙashin fanka. Ya dubi allon da ya yi wa bauta, ramuka dai ramuka, ya ji kamar bai taɓa sanin aikin komai ba.

"Faɗa mini cikakken sunansa," in ji Takwara. Aka ji yana buɗe littafin lambobin garinsu, yana huci saboda baya. Tsohuwar lambar ta daɗe da zama ta wani. Ya samo sabuwa a wata unguwa, ya karanta masa sau biyu, Na-Waje ya rubuta a tafin hannunsa don ya rasa takarda. Daga nan suka yi ta sallama ba ta ƙarewa, wannan ya ce sai wata rana, wancan ya ce a gaida iyali, babu mai son ya fara zare igiya. Wani injiniya da ya gaji da tsayuwa ne ya kashe wutar allon.

Ya iso gida da la'asar, hannunsa a buɗe kamar mai ciwo don kada gumi ya goge lambar. Mai Keke tana kan ɗinki. Bai cire hula ba, ya wuce wajen ɗan teburin ya ɗaga waya. Ya tsaya yana jiran muryar da za ta tambaye shi ina yake nema, sai ya tuna babu kowa a bene. Ya fara buga lambar da kansa, doguwa ce, ya yi kuskure a tsakiya ya sake daga farko. Keken ɗinki ya yi shiru a bayansa.

Ta yi ta ƙara can nesa. Wata mace ta ɗauka, ta yi magana da harshensu. Ya tattaro guntun harshen aikinsa ya faɗi sunan wanda yake nema. Ya ji an ajiye kan waya a kan katako, ya ji takun ƙafa, ya ji ƙofa.

"Halo?"

Muryar ta yi kauri. Da ba don ya san wanda ya kira ba, da ya rantse mahaifinsu ne.

"Auta."

 Da sauri aka ce, "Yaya? Innalillahi. Wa ya rasu?"

"Babu wanda ya rasu."

"Anti fa? Yaran?"

"Kowa lafiya lau."

"To me ya faru?"

Mutumin da ya yi rayuwarsa duka da magana a waya, ga shi bai shirya ko kalma ɗaya ba. Abin da ya zo bakinsa ya faɗa. "Layi ne ya katse."

"Yanzu? Ina jin ka sarai."

"A'a. Waccan ranar. Ba ni na ajiye ba, Auta. Layi ne. Na zauna ina jira ka sake kira."

Shirun ya yi tsawo har ya matse wayar a kunne yana neman iskar nan. Babu ita. Numfashi ne yake ji, yana fita da ƙyar, na babban mutum da ke ƙoƙarin kada iyalinsa su ji yana kuka.

"Na ɗauka ka cire ni daga ranka," in ji Auta. "Na ɗaga waya ya fi a ƙirga. In na fara faɗa wa mai allo lambar sai in ce, in ya sake kife mini fa?"

 Hawaye na bin gemun Na-Waje, bai damu ya share ba. Mai Keke ta taso ta tsaya a gefensa da almakashi a hannu, ta manta ba ta ajiye ba.

Auta ya ja hanci, ya yi ƙoƙarin dariya. "Yaya, kiran nan zai cinye maka albashi. Daga nan ya fi sauƙi. Ajiye, yanzu-yanzu zan kira ka."

"A'a!"

Ƙarfin muryar ya sa Mai Keke ta ja da baya, almakashi ya faɗi ƙasa.

"Kada ka ajiye. Ka ji ni? Duk abin da za ka faɗa, faɗe shi a nan."

 Ya sulale ya zauna a ƙasa kusa da ɗan teburin, ya riƙe kan wayar da hannu biyu.

"Wannan da ta ɗauki waya," ya ce, "yaya sunanta?"